Wasiƙa Daga Tozai: Baƙon Da Ba Mu Taɓa Ganin Sheƙarsa Ba

Zuwa ga Edita,

 Ina roƙo ka sake ba ni ɗan filin nan da ka saba ba ni, in gana da 'yan'uwana masu karatu.

A wasiƙata ta baya na yi zancen jan-baki da irin ɓarnar da ya ke yi wa gero. Sai wani malami daga wajen Goronyo ya aiko da tambaya. Ya ce tun da na mai da kaina mai bin diddigin tsuntsaye, to, akwai wani shaho da su ke gani bisa ruwan madatsarsu da rani, yana kamun kifi da ƙafa. Ina ya ke yin sheƙa? Gama masunta sun ce ba wanda ya taɓa ganin ƙwansa ko ɗansa. To, Malam, tambayarka ta zo a kan gaɓa, don ni ma na yi shekaru ina fama da ita kafin in sami amsa.

Da fari bari mu tabbata tsuntsu guda mu ke nufi. Ya ɗara shirwa girma, in ya buɗe fukafukansa su kan kai ƙafa 5 ko fiye. Bayansa ƙasa-ƙasa ne mai duhu, cikinsa fari fat, kansa fari, da wani baƙin zane da ya ratsa ta ido har ƙeya, sai ka ce wanda ya zizara kwalli hannu ya zarce. Kada a haɗa shi da gaggafar nan mai farin kai da jan ciki, mai kuka da ƙarfi a bakin gulbi, wannan 'yar gida ce. Turawan Ingila suna ce wa namu ospire. Ni kuwa a takardar nan zan kira shi shahon kifi, don da wuya ya ci wani abu in ba kifi ba.

Tun ina yaro na san shi. In gulbi ya janye da kaka ya bar tafkuna a fadama, tsakanin Isa da Sabon Birni, mu kan gan shi jefi-jefi, shi kaɗai, ba ya shiga garke. Sai ya zo bisa ruwa ya tsaya cik a sama yana kaɗa fiffike, kai a sunkuye. Da ya hango karfasa kusa da fuskar ruwa, sai ya naɗe fukafukai ya sulalo, ya miƙa ƙafafu gaba, ya faɗa tsundum, wani lokaci har ya nutse duka. Kana ya taso da ƙyar, ya girgije a sama kamar kare ya fito wanka, ya juya kifin kansa ya fuskanci gaba don kada iska ta tare shi, ya nufi wani busasshen itace. Daga baya na karanta cewa an shirya shi don wannan sana'a. Tafin ƙafarsa ƙaiƙayi gare shi kamar magagari, don kada santsin kifi ya kuɓuce masa. Yatsansa na gefe ya kan juya baya, ya zama biyu gaba biyu baya, kamar awartaki. Hancinsa kuma ya kan rufe in ya shiga ruwa.

Mu yara mun sha gardama a kan gidansa. Wani ya ce cikin kogon dutse ya ke ƙwai, wani ya ce a tsakiyar ruwa. Abin da muka sani tabbas shi ne, da an shiga bazara sai a neme shi a rasa. Wata rana kuma, bayan na girma, na ga wani maharbi a wata kasuwa ta ƙasarmu ya shimfiɗa kayan magani, cikinsu har da busasshen shahon kifi, da wani ɗan zoben ƙarfe a ƙafarsa mai lamba da rubutun boko. Mutane suka taru, wani na cewa tsuntsun sarkin aljanu ne. Ni ma na duba, na wuce, ban fahimci kome ba. Sai yanzu na san abin da na gani ran nan.

Amsar tambayarka, Malam, ita ce: shahon kifi ɗan cin rani ne. Mu mutanen ƙasar Sakkwato ba sai an fassara mana wannan kalma ba. Yadda samarinmu su kan kulle ɗaki bayan girbi su nufi kudu neman abin kai, su komo in hadari ya fara haɗuwa, haka shi ma. Amma gidansa na can ƙasashen Turai, irin su Finlan da Suwidin da Jamus da Sikotlan. Can a ke haihuwarsa, can ya ke aure. In sanyi ya gabato, ruwan ƙasashen arewa zai daskare kifi ya faskara, sai ya kamo hanya wajen watan Agusta da Satumba, ya ƙetare Bahar Rum, ya yi kwanaki bisa Sahara ba kifi ba ruwa, ya sauka a Afirka ta Yamma. Tafiyar ta kan kai mil 3,000 ko fiye. Na Ingila da Sikotlan galibi Senegal da Gambiya su ke sauka, waɗansu na gabas da su kuwa su kan iso har ruwayenmu.

Wani zai ce, yaya aka yi aka sani? Su ma Turawan sun daɗe cikin duhu, har waɗansu masanansu na dā sun zaci waɗansu tsuntsaye cikin laka su ke ɓuya da sanyi. A 1822 aka harbe wata farar shamuwa irin tasu a arewacin Jamus, sai ga wani dogon mashi na mutanen Afirka a soke a wuyanta, ta taho da shi tun daga nan. Har yau tana ajiye a jami'ar Rostock. Sa'an nan a 1899 wani malamin makaranta a Danmak, mai suna Mortensen, ya fara sa wa tsuntsaye zobe mai lamba a ƙafa, don in an tsinci tsuntsun a wata ƙasa a san inda ya fito. A zamanin nan har 'yar na'ura a kan ɗaura wa shahon kifi a baya, tauraron ɗan Adam ya riƙa faɗin inda ya kwana kowace rana. Ta haka aka gane cewa babba ya kan koma tafkin da ya saba cin rani kowace shekara, wani sa'i har itacen da ya saba sauka. Watau wanda ka ke gani a Goronyo bana, mai yiwuwa shi ne na bara.

To, duk wannan ji ne, gani kuwa ya kori ji. Cikin 'yan shekarun nan rashin kwanciyar hankali ya fitar da ni daga gida, na yi wata bazara da damina a Sakkwato wajen ɗana. Zaman banza ya ishe ni. Da ya ga haka, ran nan sai ya miƙo mini wayarsa ya ce, "Baba, ga mutumin naka a gidansa." Ashe a ƙasar Ingila da Sikotlan su kan kafa kyamara a jikin itacen da shahon ya yi sheƙa, dare da rana, kowa a duniya ya iya kallo ta intanet. Na karɓa, na gyara tabarau. Kai, jama'a! Ga zanen kwallin nan, ga farin cikin nan. Tun daga ran nan, kullum in na gama kalaci sai in ce a kunna mini, har aka tashi 'ya'yan. Ga abin da na gani, na haɗa da abin da masana suka rubuta.

Sheƙar ba ƙarama ba ce. Tarin ƙirare ne bisa ƙololuwar itace, faɗinta ya isa mutum ya zauna ya miƙe ƙafa, an shimfiɗe tsakiyarta da ciyawa da gansakuka. Ba a gini ɗaya ta kai haka ba. Mijin da matar su kan rabu da kaka, kowa ya yi cin raninsa dabam, watakila ma ba ƙasa ɗaya ba, amma wajen ƙarshen Maris ko farkon Afril sai su haɗu a tsohuwar sheƙarsu, su daɗa mata ƙirare. Macen ta fi namijin girma, da ɗan duhu a ƙirji kamar ta sa dutsen wuya. Ƙwai 3 ta kan yi galibi, ba rana ɗaya ba, tsakanin kowane da na biye kwana 2 ko 3. Launinsu fari-fari da ɗigon ja. Kwanci ya kan ɗauki kamar mako 5 da 'yan kwanaki. Ita ce mai yawan kwanciya, shi kuwa in ya kawo mata kifi sai ta karɓa ta tafi wani reshe ta ci, shi ya hau ƙwan. Na yi dariya da na ga yadda wannan mai faratai kamar ƙugiya ya ke dunƙule yatsunsa in zai taka tsakanin ƙwai, yana tafiya sannu-sannu kamar baƙo a ɗakin surukai.

Da aka ƙyanƙyashe sai aiki ya rabu sosai. Uban shi ne masunci, tun asuba ya ke fita, ya yi sawu da yawa a yini. Sau da yawa ya kan cinye kan kifin a hanya, ya kawo sauran. Uwar ita ce mai rabo. Sai ta take kifin da ƙafa, ta yago 'yar tsoka ba ta fi ƙwayar gero biyu ba, ta karkata kai, ta miƙa wa ɗan da bakin nan nata mai lanƙwasa, a hankali, har ya karɓa. In rana ta yi zafi ta buɗe fukafukai ta zama laima. In ruwa ya sauko ta rufe su, ita ta jiƙe sharkaf, tana runtse ido, ba ta motsi. Na ga ta yi yini guda haka.

Amma kada in yi muku zaƙin baki, akwai abin da ya sosa mini rai. Tun da ba rana ɗaya aka ƙyanƙyashe su ba, babban ya riga ƙaramin ƙarfi. In kifi ya wadata, lafiya lau, kowa ya ƙoshi. Amma da aka yi kwana biyu ana iska da ruwa, fuskar tafki ta gurɓace uban ya kasa ganin kifi, sai babban ya fara saran autan a ƙeya, autan ya sunkuyar da kai ya koma gefe. Uwar kuwa ba ta raba su, wanda ya miƙo baki shi ta ke ba. Na ce wa ɗana, "Wannan wace irin uwa ce?" Daga baya na gane hikimar. In shekara ta yi tsanani, gara ɗaya ko biyu su tashi da ƙarfi da a ce duka ukun su mutu da yunwa. A sheƙar da na kalla dai iska ta lafa, kifi ya dawo, autan ya rayu.

Wani abin mamaki kuma, in uwar ta hango abin tsoro a sama, ko wata gaggafa ko wani shahon da ke neman ƙwace sheƙa, sai ta yi wani kuka mai kaifi. Nan take 'ya'yan su kwanta plat, su yi lamo, launinsu ya saje da ƙirare, ka rantse ba kowa a ciki. Ba su ɗagowa sai ta sake murya. Na ce ina ma yaran makarantarmu na jin magana haka!

Da suka kai mako 6 sai suka fara motsa fukafukai, su yi tsalle su ɗan rataya a iska su faɗo. Tsakanin mako 7 da 8 suka tashi. Idonsu ja-ja ne kamar lemo, na iyayen rawaya, gashin bayansu kuma da farin baki-baki. Ko bayan sun tashi su kan komo sheƙa suna kuka a kawo musu. Sai ran nan na duba ban ga uwar ba. Ashe ita ke fara kama hanyar Afirka, cikin Agusta, ta bar uban da ciyarwa. Shi ne ya kan tsaya har na ƙarshe ya tafi. Nan ne abin ya fi ba ni tausayi. Ɗan tsuntsun da bai fi wata 3 a duniya ba, wanda da ƙyar ya taɓa kama kifi da kansa, shi kaɗai zai tashi, ba uwa ba uba ba jagora, ya nufo ƙasar da bai taɓa gani ba. Da yawa ba su kai wa, teku ta ci waɗansu, hamada ta ci waɗansu. Wanda ya iso kuwa ba ya komawa da bazarar farko. Ya kan zauna nan Afirka sai ya kusa shekara 2, kana ya koma ƙasar haihuwarsa, aure kuwa sai ya shekara 3 ko fiye. Saboda haka in ka ga shahon kifi da damina, yaro ne, a hannunmu ya ke girma.

Me ya sa mutanen can su ke ɗawainiya haka da tsuntsu? Don sun taɓa rasa shi. Masu harbi da masu tara ƙwai don ado suka bi shi har ya daina sheƙa a ƙasar Birtaniya wajen 1916. Sai a 1954 aka sake samun sheƙa kusa da tafkin Garten a Sikotlan. A 1958 wani ɓarawon ƙwai ya hau itacen da dare, ko da ya ke ana gadi, ƙwan suka lalace. A 1959 aka kewaye itacen da waya mai ƙaya, ana tsaro dare da rana, 'ya'ya 3 suka tashi. Shugaban aikin, George Waterston, ya yi wata dabara: maimakon ɓoye wurin, sai ya buɗe wa jama'a su zo su hanga daga nesa. Mutum wajen 14,000 suka zo a shekarar, kowa ya koma ya zama mai gadi. Daga 1996 aka riƙa ɗauko 'ya'ya daga Sikotlan ana sakinsu a tafkin Rutland a Ingila, a 2001 aka ƙyanƙyashe na fari a can. Yau sheƙunansu a ƙasar sun haura 200. Dubi wannan wahala duka, sa'an nan ka tuna da busasshen da na gani a kasuwa, an shimfiɗa shi tsakanin ƙahon gada da fatar damo.

Kada wani ya ce wannan al'adar Turawa ce, gama mun riga su. Wane ne a Gobir bai san shamuwa ba? Da ta sauka bisa tsamiya ko kukar gari wajen Mayu, manomi ya fara gyaran kalme da iri. A tsakiyar mutane ta ke sheƙa, bisa kan masu daka da masu saƙa, ba mai jifanta. Na girma ina kallonta a tsamiyar ƙofar gidanmu. Ita tsarinta dabam: uwa da uba duka suna kwanci bi da bi, duka suna fita kiwo, su cika ciki da fara da tsutsa, su komo su amayar wa 'ya'yan. Kakanninmu ba su karanta littafin kowa ba, amma sun san mai cinye fara abokin manomi ne, suka hana yara taɓa ta. In kaka ta yi sai ta tafi, ta ƙetare tsakiyar duniya zuwa wajen Tanzaniya da Zambiya da Zimbabuwe. Can ba ta sheƙa. Lalle akwai wani malami a can da ke tambaya, kamar yadda malamin Goronyo ya yi, wai ina wannan tsuntsuwa ta ke ƙwai? Da mutanen can za su bi ta da harbi, da tsamiyarmu ta wayi gari shiru, kome tsaron da muka yi mata.

Ka ga ashe abin amana ce ta zagaye. Mu muna da sheƙar shamuwa, waɗansu na riƙe mana ita da rani. Waɗansu na da sheƙar shahon kifi, mu ke riƙe musu shi. Mu kuwa mutanen Isa da Sabon Birni, a yanzu ba wanda zai koya mana darajar masauki. Tun daga 2019 dubban 'yan'uwanmu suka ƙetara ƙasar Maraɗi, wajen Gidan Rumji da kewaye, aka karɓe su aka ba su wurin shimfiɗa tabarma. Wanda ya ɗanɗani baƙunci bai kamata ya ɗaga wa baƙo hannu ba, ko da mai fiffike ne.

Saboda haka ina da roƙo huɗu. Na ɗaya, ga iyaye da malaman makaranta na allo da na boko: a ja kunnen yara masu danƙon harbi, a sa shahon kifi cikin sahun shamuwa. Kifin da ya ke ci a yini, ɗaya ne ko biyu, bai rage wa masunci kome ba. Na biyu, ga masunta: tsohon taru na roba da zaren ƙugiya, kada a yar da su cikin ruwa, gama tsuntsun ya kan faɗa musu ya sarƙe ya nutse. Na uku, ga hakimai da masu unguwanni: a sa ido kan manyan itatuwan gari da na bakin fadama. Mai gawayi ya kan kayar da itacen da ya shekara ɗari cikin yini guda, alhali shamuwa ba ta sheƙa bisa sabara. Na huɗu, wanda ya tsinci tsuntsu da zobe, kada ya mai da shi laya. Ya rubuta lambar da duk abin da ke jikin zoben, da ranar, da sunan wurin, ya kai wa ma'aikatan gandun daji, ko ya aika wa cibiyar binciken tsuntsaye ta Leventis da ke ƙarƙashin Jami'ar Jos. Wani na can ya hau itace ya sa zoben nan da hannunsa, yana jiran labari.

Kai kuma Malam na Goronyo, tun da ruwa na ƙofarka, ga aiki na ba ka. Ka sami ɗan littafi, ka sa almajiranka su rubuta ranar da suka fara ganinsa bana, da itacen da ya ke sauka, da ranar da ya ɓace. Ni ma in an koma gida lafiya zan rubuta ranar saukar shamuwa a Tozai. Baɗi war haka mu gwada a wannan fili, sauran masu karatu na Maraɗi da Katsina da Nguru su ma su aiko da nasu.

Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya mai da kowane matafiyi gidansa. Haza wasalam.

Naka,
Mai Kallon Tsuntsaye,
Tozai, ƙasar Isa.